Direba ya saki sitiyari ya koma harbi: ƙwarewa ce ko ɓata wasa?

"Salam yaya. Mu uku ne muke buga PUBG Mobile kusan kullum da daddare. Ɗaya daga cikinmu shi ne direba, kuma gaskiya ya iya tuƙi, amma da ya hango abokan gaba sai ya saki sitiyari ya koma kujerar da ba kowa ya leƙo ta taga ya hau harbi, motar tana tafiya ba direba. Wani lokaci ya kashe mutum, wani lokaci mu daki bishiya a gama da mu. Shi ya ce ƙwarewa ce, ɗayan abokin namu ya ce magudi ne, ya kamata ma masu gem su cire canza kujera gaba ɗaya. Wai shin ya dace a riƙa canza kujera a cikin mota a irin waɗannan gem ɗin?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Tambayarka tambaya biyu ce a dunƙule, kuma abokan naka kowa ya kama guda yana ja shi ya sa gardamar ta ƙi ƙarewa. Ta farko ta masu ƙera gem ce: ya kamata su bar ɗan wasa ya tashi daga wannan kujera ya koma waccan ba tare da ya fita daga motar ba? Ta biyu taku ce ku masu bugawa: tunda dai an bar damar, yaushe ya dace mutum ya yi amfani da ita? Abokinka mai cewa magudi ne yana magana a kan ta farko, direban naku kuma yana kare kansa a kan ta biyu. Matsayina zan faɗa maka tun yanzu: a bar canza kujera, bai kamata a cire ba, amma kada ya zama kyauta. Duk inda na ga abin ya ɓata wasa, ba canjin ne ya ɓata ba, rashin biyan komai ne a kansa.

Kalmar magudi dai a ajiye ta gefe. Madannin yana nan a kan sikirin ɗin kowa, masu gem ne suka saka shi da hannunsu, wanda ya danna bai saci komai ba.

Daga inda abin ya taso

Wannan gardamar ta girmi PUBG da shekaru. Battlefield 1942, wanda kamfanin DICE na ƙasar Suwidin ya fitar a 2002, yana cikin gem ɗin da suka saba wa mutane da shiga tanka da jirgi da mota a fili ɗaya tare da sauran 'yan wasa, kuma a jerin Battlefield ɗin a kan kwamfuta madannin F1 kujerar direba ce, F2 ta biyu, haka har ƙarshe, kana dannawa ka koma, ko ƙiftawar ido ba a yi. Dalilin da ya sa suka yi haka mai kyau ne. Ka shiga mota da gudu ana harbinka sai ka tsinci kanka a baya alhali babu direba, in aka ce sai ka sauka ka zagayo ka buɗe ƙofar gaba to ka mutu kafin ka kai. Ko an harbe direba motar tana tafiya da mutum uku a ciki, dole wani ya karɓi sitiyari. Don irin wannan aka yi shi.

Amma 'yan wasa ba sa barin abu a inda aka ajiye shi. Bari in nuna maka wanda ya fi kowanne tayar da ƙura. A Battlefield 3 na 2011 da Battlefield 4 na 2013 akwai jirgin yaƙi mai saukar ungulu mai kujera biyu, matuƙi yana da rokoki, na biyun yana da babbar bindiga da wani makami mai linzami da yake sarrafawa ta kyamara har ya kai shi kan abin da yake so. An yi jirgin ne don mutum biyu su haɗa kai. Sai ƙwararru suka gano za su iya tashi su kaɗai: mutum ya ɗaga jirgin sama sosai, ya daidaita hancinsa, ya danna F2, jirgin ya fara sulalowa ƙasa ba matuƙi, ya harba makamin ya bi shi da ido har ya daki tanka, ya danna F1 ya cafe jirgin kafin ya taɓa ƙasa. Na daɗe ina kallon masu yin wannan kuma ba zan ɓoye maka ba, akwai gwaninta a ciki, hannu da lissafin tsayi duk sai sun zauna. Amma ka duba ɗaya ɓangaren: ga wani ɗan tawagarsu a tsaye a filin jirgi yana jira a ɗauke shi ya zama mai harbi, an tashi an bar shi da gangan saboda in ya zauna a kujerar ya toshe wa gwanin hanya. Jirgin mutum biyu ya koma na mutum ɗaya, ɗayan ya zama ɗan kallo a gem ɗin da ya saya da kuɗinsa. Haka aka sha yi da jirgin Liberator a PlanetSide 2 na 2012, matuƙi ya koma kujerar babbar bindigar da ke cikin jirgin ya harba ya dawo.

Abin da yake ɓata wa mutane rai

In ka saurari masu ƙorafi da kyau, ba maganar "a zahiri ba a yin haka" ce ta fi damunsu ba, duk da ita suke fara faɗa. Gaskiya ne a zahiri ba a yi. Tankar Abrams ta Amurka mutum huɗu ne a ciki, kwamanda da mai harbi da mai loda harsashi da direba, T-72 ta Rasha mutum uku saboda inji ne yake loda mata, kuma direba yana can gaba a ƙasa a wani ɗan lungu nasa daban. Jirgin Apache kuwa mutum biyun ɗaya yana gaba ɗaya yana baya kowa da akurkinsa, ba hanyar da wani zai tsallaka wurin wani a sama. To amma gem ɗin da ake harbinka ka sha lemon gwangwani ka warware, ba a nan za a tsaya neman zahiri ba.

Abin da ya fi ciwo shi ne ciniki da aka karya. Duk abin hawa mai kujeru da yawa a gem ciniki ne tsakanin tawaga da masu ƙera wasan: ku ba da mutum biyu ko uku daga cikin mayaƙanku na ƙasa, mu kuma mu ba ku ƙarfin da ya fi na mutum uku. Tawagar da ta zuba mutum uku a tanka ta rage bindiga uku a fagen daga, wannan shi ne kuɗin tankar. To in mutum ɗaya zai iya tuƙawa, ya tsaya, ya koma bindiga nan take, ya harba, ya dawo sitiyari ya gudu, an samu tanka a farashin mutum ɗaya. Hausawa suka ce taura biyu ba ta taunuwa, canjin da ba ya cin lokaci kuwa shi ne ya sa take taunuwa.

Sai kuma wanda yake a ƙasa yana harbin motar, shi ma yana da haƙƙi, kuma shi ake yawan mantawa da shi. Ka ɗauka kana kwance a kan tudu da bindigar harbin nesa Kar98k, harsashi ɗaya kake da shi kafin ka sake ja, ga motar Dacia tana tahowa, ka bi kan direba da madubi ka lissafa gudun motar ka saki. A daidai lokacin ya danna madanni, jikinsa ya ɓace daga gidan gaba ya bayyana a baya, harsashinka ya wuce ta kujera ba kowa. Ba kauce maka ya yi ba, ɓacewa ya yi. Mu kuma da muke bugawa daga nan sau da yawa da saba (kwamfutar da ke haɗa 'yan wasa) mai nisa da ping (jinkirin saƙo tsakaninka da ita) mai nauyi, abin ya fi yi mana yawa, domin abin da kake gani a wayarka ya riga ya wuce da ɗan lokaci, kana harbin inda mutum yake ɗazu. Shi ya sa wasu suke rantsuwa an yi musu magudi alhali ba a yi ba, canjin kujera ne ya haɗu da jinkirin netwok.

Waɗanda suka sa wa abin farashi

Gem ɗin Halo ya bi ta ɗaya ƙarshen. Tun na farkonsa a 2001, motar nan Warthog kujera uku ce, direba da na gefensa da mai babbar bindiga a baya, kuma direba ba ya harbi, tuƙi kawai. In kana son bindigar sai ka sauka ka zagaya ka hau. Shekara da shekaru a haka, kuma wannan ne ya sa Warthog ta zama motar abota, direba nagari da mai harbi nagari sai su riƙa neman juna. Sai a Halo 5 na 2015 aka ba da damar canza kujera, kuma ko da aka bayar ana ganin mutum yana tsallakawa daga mazauni zuwa mazauni, ba ɓacewa yake yi ba. Wannan tsallakawar ita ce farashin, wanda ke waje ya ga abin da kake shirin yi.

Squad, wanda ya fito cikakke a 2020, ya fi tsanani. Canza kujera a motar yaƙi sai ka jira wani ɗan lokaci ya cika, ba kowa ne ma zai tuƙa tanka ba sai wanda ya ɗauki kayan ma'aikacin tanka, kuma sabobi da yawa suna da dokar cewa in ka ɗauki tanka kai kaɗai za a kore ka. Hell Let Loose ma haka, tanka mutum uku ce, direba da mai harbi da mai duba hanya, direba ta ɗan ƙaramin gilashi yake gani, in babu mai gaya masa hagu ko dama sai ya afka rami, kuma komawa wata kujerar yana cin sakanni. Red Orchestra 2 na 2011 har cikin tankar suka zana, kana ganin kanka kana rarrafawa daga wannan wuri zuwa wancan. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya hana canjin. In an kashe mai harbinka kana iya karɓar bindigar, sai dai za ka yi sakannin nan kana zaune ba tuƙi ba harbi, kuma abokin gaba yana da damar gamawa da kai a ciki.

Na taɓa gwada wannan da hannuna. Akwai wani ɗan ƙaramin gem na gwaji da muka haɗa a manhajar ƙera gem ta Unity ni da wasu abokai biyu, fili ɗaya, mota ɗaya mai bindiga a baya, ba wani abin a zo a gani ba, don koyo muka yi. Da farko canjin nan take muka bar shi, cikin kwana biyu babu mai yarda ya hau bayan wani, kowa motarsa shi kaɗai. Muka mayar da shi sakan biyar, sai kuma ya zama in an harbe direba sauran sun mutu kawai, ba mai ko gwada karɓar sitiyari, kowa tsalle yake ya fita. Da muka sauko wajen sakan biyu, muka kuma sa motar ta riƙa rage gudu da sauri da zarar an saki sitiyari, sai wasan ya daidaita: ana canzawa don ceto, ba a cika canzawa don kai hari ba. Kuma wani abu da ban zata ba, daga baya muka bambanta, komawa sitiyari muka sa ya fi sauri, barin sitiyari zuwa bindiga ya fi jinkiri, wannan ya fi komai gyara lamarin. A nan ne kuma na gane dalilin da ya sa dole saba ce za ta yanke hukuncin wanda ya samu kujera, domin ranar farko mutum biyu suka danna tare, kowa a wayarsa yana ganin shi ne direba, motar ta rasa wanda za ta bi. Gwajin mutum kaɗan ne ba na gem mai miliyoyin 'yan wasa ba, kada ka ɗauki sakan biyun nan kamar doka, abin da ya dace da ƙaramar mota ba zai dace da tanka ba.

Mu dawo kan motarku

PUBG ya fito a 2017, na waya a 2018, kuma motocinsa ba motocin yaƙi ba ne. A wasan da aka saba bugawa, UAZ da Dacia da Buggy ba su da bindigar kansu, aikinsu su kai ka zon, wato da'irar da fili yake matsewa zuwa cikinta, ko su zama garkuwa in ka tsaya a fili. Saboda haka maganar mutum ɗaya ya cinye aikin mutum uku ba ta da ƙarfi a nan kamar a Battlefield. Kuma in ka lura, gem ɗin ya riga ya karɓi wani farashi a hannun mai canjin: da ka bar sitiyari motar ba mai juya ta, ba mai taka totur, gudunta yana raguwa, hanyarta miƙaƙƙiya ce wadda kowa zai iya lissafawa, kai kuma ka fito da rabin jikinka ta taga. Mutumin da yake buga solo, wato shi kaɗai ba tawaga, ko wanda 'yan tawagarsa duk sun mutu ya rage shi kaɗai, wannan dabarar halal ɗinsa ce, ransa kawai ya sa a caca, kuma ina ba duk mai son ya ƙware shawarar ya koye ta a filin atisaye. Har a na kwamfuta ma daga baya, a 2020, sun ba direba damar harbi da ƙaramar bindiga yana tuƙi, alamar su kansu sun san direba yana jin an ɗaure masa hannu.

Amma direbanku ba shi kaɗai ba ne, a nan ne na rabu da shi. Yana ɗauke da mutum biyu masu bindiga, waɗanda aikinsu kenan harbi. In ya saki sitiyari, abin da tawagar ta samu shi ne bindiga ta uku, abin da ta rasa shi ne direba ɗaya tilo da take da shi. Bindiga biyu zuwa uku ƙari ne kaɗan, direba ɗaya zuwa babu kuwa asara ce gaba ɗaya. Kuma akwai abin da masu harbi suka sani wanda direbobi ba sa lura: ku da kuke leƙe ta taga kun riga kun saita hannunku da gudun motar, da ta fara rage gudu ba sanarwa sai saitin ya lalace, ga shi su na waje yanzu sun samu mota mai tafiya a miƙe a hankali da kawuna uku a waje.

Na ga wannan a gadar da ke shiga sansanin soja na Sosnovka a taswirar Erangel ta PUBG, inda ake yawan tare mutane. Muna cikin UAZ mu uku, zon yana korarmu, muna hawa gadar aka buɗe mana wuta daga bayan motocin da suka lalace a tsakiya. Abin da ake buƙata a wurin sakan uku ne na tuƙi mai kyau, a bi ta gefen da ba a toshe ba a wuce da gudu. Direbanmu ya hango kan mutum ɗaya, zuciyarsa ta raya masa zai iya, ya koma baya ya leƙa. Ya kayar da mutumin kuwa, ban hana shi wannan ba. Motar kuma ta je ta daki ƙarfen gefen gada ta tsaya cak a gaban sauran ukun, ko fita ba mu samu yi ba. Bayan kwana kaɗan a wannan gadar dai aka harbe direba ina gidan gaba, na danna na koma sitiyari kafin motar ta karkace, na ja mu muka sauka gadar muka ɓuya bayan wani gini, mu biyu muka tsira har muka kai zagayen ƙarshe. Madanni ɗaya ne na ranar farko da na ranar biyu, kuma da an bi shawarar abokinka an cire shi, da ranar biyun ma mun mutu.

Akwai kuma canjin da ba a magana a kansa wanda ya fi duka amfani, na fasinja. Kujerar da kake ciki ita ke yanke gefen da za ka iya harbi da kyau da kuma gefen da jikinka yake a buɗe. In ana harbinku daga dama kuma jininka ya yi ƙasa, koma kujerar hagu in babu kowa, bodin motar ya tare maka wani abu. In abokan gaba suna hagu kai kuma kana dama da cikakken jini, koma inda za ka same su. Kafin ku tsaya ma, ku duba gefen da za ku sauka, domin mutum yakan fito ne ta ɓangaren kujerarsa, wanda ya sauka ta gefen da wuta take ya sauka a bakin bindiga. Ku uku ne a motar mutum huɗu, kujerar nan da ta rage dukiya ce a wurinku, kuma ku fasinjoji kuka fi direba buƙatarta.

Duk abin da na faɗa a kan wasan tawaga irin naku ne na yau da kullum. A manyan gasa akwai masu yin abin da ya saɓa wa wannan kuma ya yi musu kyau, saboda sun yi atisaye tare har kowa ya san abin da ɗan'uwansa zai yi kafin ya yi, kuma gem ɗin kansa yana sauyawa da kowane sabon sabuntawa, yadda mota take rage gudu bana ba lallai ya zama haka baɗi ba.

Ga abin da zan so ku gwada a daren yau. Kada ku ce masa ya daina, mutumin da ya iya abu in ka hana shi sai ya ƙara riƙewa. Ku yi yarjejeniya: in akwai ko mutum ɗaya a motar bayan shi, ba ya barin sitiyari sai ya faɗa a makirfo kuma wani ya amsa masa da "na karɓa", shi ya koma kujerar da ba kowa, na gidan gaba ya zame ya kama tuƙin. Ku shiga filin atisaye ku maimaita wannan musayar sau goma a miƙaƙƙiyar hanya, sannan sau goma a kan kwana, za ku ga a kan kwana ba ta yiwuwa sai an yi asara, shi da kansa zai gani. In kuma bayan haka har yanzu hannunsa yana ƙaiƙayin harbi duk lokacin da ya hango mutum, to ku ba shi gidan baya da bindigarsa M416, kai ko ɗayan abokin naku wani ya koyi tuƙin.